Kafin Ka Ce Maƙwabci Ya Sa Wa Karenka Guba



Na san wasu da sun ga kan wannan rubutu za su ce wane ya rasa abin yi, ana fama da tsadar masara da kuɗin makarantar yara shi kuma ya zo mana da zancen kare. Ku yi mini haƙuri ku karanta, domin abin da ya sa na zauna na yi rubutun nan saura ƙiris ya raba gidaje biyu da suka haura shekara 20 katanga ɗaya ce tsakaninsu.

Yayana yana da karen gadi, irin manyan nan da ake ce wa alseshan. Ya saye shi yana ɗan kwikwiyo a lokacin da ɓarayi suka addabi layinsu, kuma gaskiya karen ya yi aikinsa, shekara 4 ko takalmi ba a ɗauka a gidan ba. Da farkon daminar bara sai ya soma tari, busasshen tari kamar wani abu ya maƙale masa a maƙogwaro. Aka ce ƙashin kifi ne, aka ɗura masa manja. Tari bai tsaya ba. A hankali ya rage zagaya gida da dare, in ya yi haushi sau biyu sai ya kwanta yana haki. Haƙarƙarinsa ya fito, ciki kuwa ya kumbura kamar na akuya mai ciki. Yayana ya kira wani mai sayar da magungunan dabbobi, ya zo da kwalbarsa da sirinjinsa ya yi masa allurar tsutsa ta shanu. Daren nan kare ya kwana yana amai yana dalalar da miyau, amma ya farfaɗo, har aka ce ai magani ne ke aiki. Bayan 'yan makonni, wata safiya aka tarar da shi ya kasa tashi, fitsarinsa ya yi duhu kamar zoɓon da ya kwana. Kafin azahar ya mutu.

To, mako guda kafin nan an yi sa-in-sa tsakanin yayana da maƙwabcinsa a kan kwatar da ke bin gindin katangarsu, kowa na cewa ɗan uwansa ne ke toshe ta. Cikin zafin magana maƙwabcin ya ce, “Kuma karen nan naka ya hana mu barci, ka san yadda za ka yi da shi.” Da kare ya mutu, ba wanda ya tsaya neman wata hujja. Mata suka ɗauki zance, yara suka daina shiga gidan juna, magana ta kai gaban Jauro.

Ina da abokin karatu likitan dabbobi, na roƙe shi ya zo ya duba gawar kafin a binne. Ya sa safar hannu ya kore mu gefe, ya ce duk karen da ya mutu yana dalalar miyau ba a taɓa shi da hannu kawai sai an tabbatar ba ciwon hauka ba ne. Da ya tsaga zuciyar sai ya kira yayana. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Fararen tsutsotsi dogaye, sirara, sun cukuikuye kamar taliyar Hausa da aka tsame daga tukunya, sun cika gefen dama na zuciyar har cikin babbar jijiyar da ke kai jini huhu.

Ya ce, “Alhaji, wannan ba aikin mako ɗaya ba ne. Waɗannan sun fi shekara a jikinsa.”

Yayana ya ce, “To Likita, a abinci aka ba shi su?”

Ya ce, “A'a, sauro ne.”

Dukkanmu muka waiwaya muka dubi kwatar nan da aka yi rigima a kanta. Daga baya yayana ya je tare da Jauro ya ba maƙwabcinsa haƙuri, mutumin ya ce ba komai ya yafe, amma har yau matan gidajen biyu ba su koma aika wa juna kwanon tuwo kamar da ba.

Sunan wannan cuta tsutsar zuciya. Masana na kiran tsutsar Dirofilaria immitis, kuma tun 1856 wani masani a Amurka, Joseph Leidy, ya yi bayaninta a rubuce. Yadda take yaɗuwa ya yi kama da na zazzaɓin cizon sauro. Manyan tsutsotsin da ke cikin zuciyar kare mai ciwo suna haihuwar 'ya'ya ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya gani, su riƙa yawo cikin jini. Sauro ya ciji karen ya zuƙe su. A cikin sauron suke yin kwana 10 zuwa 14 suna girma idan akwai zafi, sannan ya je ya ciji wani kare ya sauke masa su a bakin ramin cizon. Daga nan sai su shiga ƙarƙashin fata, su yi ta ratsa nama har su faɗa hanyar jini, su isa jijiyoyin huhu da zuciya. Daga ranar cizo zuwa ranar da za su balaga su soma haihuwa wata 6 ne zuwa 7. Macen tsutsar tana kai santimita 30, wato tsawon rular ɗan makaranta, kuma tana iya rayuwa shekara 5 zuwa 7 a jikin kare. Duk damina kuma sauro na ƙaro sababbi a kan na da.

Abin da ya sa cutar ke yaudarar mutane shi ne wannan dogon shiru. Karen da sauro ya sa wa tsutsa a watan Agusta zai ci abincinsa, ya yi haushinsa, ya yi gudunsa har a wuce hunturu, wani ma ya shekara biyu ba a ga komai ba. A duk tsawon lokacin nan tsutsotsin suna goge bangon jijiyoyin huhu, jijiyoyin su yi kauri su matse, zuciya ta riƙa tura jini da ƙyar har ta gaji. Ruwan da ke taruwa a ciki alamar gajiyar zuciya ce. Fitsari mai duhu da faɗuwa farat ɗaya kuwa suna zuwa ne idan tsutsotsin sun yi yawa har sun toshe hanyar da jini ke dawowa zuciya, kuma karen da ya kai wannan matsayi kwana ɗaya ko biyu ya rage masa idan ba a yi masa tiyata ba. Mai kare bai ga farkon abin ba, ƙarshen kawai ya gani, ƙarshen kuma ya yi kama da guba.

Ban ce ba a sa wa karnuka guba a garin nan ba, ana yi, Allah ya shirya masu yi. Haka kuma ba kowane tari ko rama ne tsutsar zuciya ba. Ciwon kaska yana shanye jinin kare, dasashinsa ya yi fari. Sammore, wanda makiyaya suka sani a shanu, yana kama karnukan da ke shiga dajin da ke da ƙudan tsando, har idonsu ya yi hazo. Tsutsar hanji ma tana ramar da kare. Kowanne da maganinsa daban, kuma ido kaɗai ba ya rabe su. Shi ya sa nake ganin kuskure ne babba a ce duk kare marar lafiya magani ɗaya ne, manja da allurar shanu.

Wani zai ce ai wannan ciwon karnukan Turai ne. Likitocin dabbobi a ƙasar nan sun same ta a jinin karnuka a Makurɗi da kuma Nsukka, sun kuma wallafa bincikensu. Makurɗi dai a bakin Binuwai take, kogin da ya ratsa ta Lau da Ibi a jiharmu. Karnuka kuwa ba sa zama wuri ɗaya. Masu kiwon karnukan gadi suna kawo su daga Jos da Abuja da Legas, mafarauta suna musayar nasu, fatake suna kwasar wasu zuwa kasuwar karnuka ta Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke ta jihar Filato. Kare ɗaya mai ɗauke da 'ya'yan tsutsa ya isa ya zama rijiyar da saurayen unguwa za su riƙa ɗiba suna rabawa.

Yanayinmu kuma ya fi na Turawan taimaka wa tsutsar. A ƙasashen da ake sanyi mai tsanani tsutsar ba ta girma a cikin sauro idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 14, saboda haka suna samun hutun watanni. Mu a Jalingo ina muka ga wannan hutu? Ko a tsakiyar hunturu da an yi hantsi rana ta buɗe. Ruwa yana sauka daga wajen Afrilu ko Mayu har Oktoba, Mayo Gwoi da Lamurde su cika su bar kududdufai a gefe. Da rani kuma kwatocinmu ba sa bushewa, domin ruwan wanka da na wanke-wanke ne ke ciyar da su. Kuma wannan tsutsa ba ta zaɓen sauro. Wanda ke ƙyanƙyashewa a ƙazamin ruwan kwata yana ɗaukarta, mai zanen fari da baƙi da ke haihuwa a tsofaffin tayoyi da gwangwanaye yana ɗaukarta, mai kawo mana zazzaɓi ma haka. Mu muna shiga gidan sauro da dare. Kare yana waje daga magariba har asuba, daidai lokacin da sauro ke cin kasuwarsa, kuma mu ne muka ajiye shi a wajen don ya tsare mu.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne maganin rigakafin ba baƙo ba ne a Taraba. Duk wanda ya zauna a Bali ko Gashaka ya san ƙwayar Mectizan da ake rabawa kyauta saboda ciwon makanta da baƙin ƙudan bakin kogi ke jawowa, a tsayar da mutum a jikin sandar awo a ƙirga masa ƙwayoyi gwargwadon tsayinsa. Sinadarin da ke cikinta sunansa aibamektin. Asalinsa wata ƙwayar halitta ce da Satoshi Omura ya samo a cikin ƙasa a Japan, William Campbell da abokan aikinsa a kamfanin Merck suka fitar da magani daga gare ta, har aka ba su biyun lambar yabo ta Nobel a 2015. Da dabbobi aka fara, a 1981. A 1987 kamfanin ya yi alkawarin ba da Mectizan kyauta ga masu ciwon makanta, a shekarar ce kuma aka fitar da ƙwayar Heartgard ta wata-wata domin karnuka. Tsutsar makanta da tsutsar tundurmi da tsutsar zuciyar kare duk dangi ɗaya ne. Maƙwabtanmu Filato da Nasarawa da wannan magani, haɗe da wani maganin tsutsa da gidajen sauro, suka kai ga sanar da kawar da tundurmi a 2017.

Sai dai saninmu da maganin shi ne ya zama mana tarko. Allurar tsutsa ta shanu da ake sayarwa a kasuwa, Ivomec da 'yan uwanta, ita ma aibamektin ce, amma an haɗa ta ne don dabba mai nauyin buhu uku ko huɗu. Ku duba lissafin da kanku. Kowane mil 1 na allurar shanu yana ɗauke da maikirogiram 10,000 na maganin. Abin da kare ke buƙata don rigakafin tsutsar zuciya maikirogiram 6 ne a kan kowane kilo na nauyinsa. Kare mai kilo 20 ke nan 120 kawai yake buƙata a wata. Wanda ya zuƙi mil 1 ya danna masa ya ba shi abin da ya ninka haka fiye da sau 80. Ƙwayar Mectizan guda ɗaya ma, mai miligiram 3, ta ninka buƙatar wannan kare sau 25, ban da cewa haƙƙin mutane ce aka kawo don idanunsu. Gaskiya ne likita kan ba kare fiye da awon rigakafi idan yana maganin ƙazuwa, amma shi ya auna nauyi, ya san irin karen, ya kuma san abin da ke cikin jininsa. Akwai jinsunan karnukan Turawa, musamman na kiwon tumaki, da aka haife su jikinsu ba ya iya tare maganin daga shiga ƙwaƙwalwa, su awon da wani kare zai jure sai ya sa su tangaɗi da makanta da suma.

Illar ba ta tsaya nan ba. Idan jinin kare cike yake da 'ya'yan tsutsa aka buga masa magani mai ƙarfi, sai su mutu gaba ɗaya lokaci guda, jiki ya rikice, wani kare ba ya tashi daga wannan. Ina kyautata zaton abin da ya sami karen yayana ke nan a daren da ya kwana yana amai. Sannan allurar ba ta kashe manyan da ke zuciya. Tana share 'ya'yan ne daga jini, ta yadda in an kai kare gwaji daga baya aka ɗiga jininsa a ƙarƙashin madubin likita ba za a ga komai ba, a ce lafiyarsa ƙalau, alhali iyayen suna nan kwance. An sayar da kare an sayi biri ke nan, tsugune ba ta ƙare ba.

Hanyar da ta dace ba ta da wuyar fahimta. Karen da ya wuce wata 7 a fara yi masa gwajin jini kafin a ba shi komai. Gwajin iri biyu ne. Akwai na madubin likita da ke neman 'ya'yan tsutsa, akwai kuma na ɗan tsinke irin wanda ake gwada mana zazzaɓi da shi a kemis, shi kuma yana gano alamar manyan matan tsutsar. An fi so a haɗa biyun, domin akwai wata tsutsa marar illa da ƙuma ke yaɗawa wadda 'ya'yanta suka yi kama da waɗannan, sai gwani ke bambance su. Idan jini ya fito da tsabta sai likita ya rubuta maganin wata-wata daidai nauyin karen, ko na haɗiya ko na ɗigawa a bayan wuya. Kwikwiyo kuwa ana iya fara masa tun yana mako 8 ba tare da gwaji ba, tunda tsutsa ba ta isa balaga a jikinsa ba, sai a gwada shi bayan wata 6. Daga nan gwaji sau ɗaya a shekara.

Akwai abu guda da ya kamata kowa ya gane game da wannan magani, shi ne aikinsa na baya yake yi. Ƙwayar da ka ba kare yau tana kashe ƙananan tsutsotsin da sauro ya zuba masa a cikin watan da ya wuce ne, ba ta zama a jiki tana jiran na gobe. Idan ka tsallake wata biyu ko uku, waɗanda suka shiga a tsakanin sun girma sun wuce matakin da maganin ke iya kashe su, ko ka dawo ka ci gaba sun riga sun kama hanyar zuciya. Don haka mai cewa zai riƙa bayarwa da damina kawai, ko sai ya ga kare ya rame, kuɗinsa yake zubarwa. A ɗaura shi da wani abu da ba a mantawa, ranar albashi ko ganin sabon wata.

Me ya sa nake nacewa a kan rigakafi? Saboda na tambayi abokina yadda ake warkar da karen da ya riga ya kamu, amsar da ya ba ni ta sa jikina ya yi sanyi. Ana fara ba shi doksisaikilin na mako 4 don a kashe wasu ƙwayoyin cuta da ke zaune cikin tsutsar, waɗanda ba ta jin daɗin rayuwa sai da su. Bayan nan a yi masa allurar melasomin, magani mai sinadarin asinik, can cikin naman gadon baya, sau 3: ɗaya, a jira wata guda, sannan biyu a jere kwana ɗaya tsakani. Maganin da tsada, samunsa kuma a nan sai an sha wuya. A duk tsawon watannin nan, har makonni 6 zuwa 8 bayan allurar ƙarshe, dole kare ya zauna a killace, ba gudu ba tsalle, domin gutsattsarin matattun tsutsotsi suna bin jini su toshe huhu idan zuciya ta buga da ƙarfi. Ka ga karen gadi ko na farauta da aka hana gudu kusan rabin shekara ai ya tashi daga aiki. Ko ya warke ma, tabon da ke jijiyoyin huhu ba lallai ya goge ba.

Yanzu bari in dawo kan masu cewa mutane ba su sami maganin zazzaɓi ba ana zancen kare. Maganarsu tana da nauyi, kuma ba zan ce wa magidancin da ke lissafin kwanon masara ya bar 'ya'yansa ya saya wa kare ƙwaya ba. Amma ba wanda aka tilasta wa ajiye kare. Wanda ya ga yana da bukata ya kawo shi gida, ya ɗaure shi da sarƙa, ya hana shi zuwa neman abin kansa, to ya ɗauki nauyinsa. Malamanmu sun karantar da mu cewa an yi izinin riƙe kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, sun kuma karantar da mu labarin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ban ga yadda za a yi mutum ya ci moriyar izinin ya bar tausayin ba. Ta fuskar aljihu ma, mai iya fitar da kuɗin sayen babban karen Turawa da kuɗin ciyar da shi kullum bai kamata kuɗin ƙwaya ɗaya a wata ya gagare shi ba. Wanda kuma ya ga ba zai iya ba, ƙara tsayin katanga da ƙofa mai kyau sun fi masa sauƙi.

Akwai kuma masu cewa karen gida, irin namu na gargajiya, ba ya ciwo. Yana yi. Bambancin kawai shi ne ba a saye shi da tsada ba, saboda haka in ya mutu ba mai tambayar dalili, a ja shi a jefar a samo wani. 'Yan uwanmu mafarauta su ne ya kamata su fi kowa damuwa, domin karnukansu na kwana a fadama da bakin rafi, kuma gudu ne ke fito da cutar fili. Karen da a bara yake kamo zomo bana ya koma bin bayan ubangidansa yana haki, kafin a ce tsufa ne ko an yi masa baki a kai jininsa gwaji.

Game da mutane, kada kowa ya firgita. Taɓa kare ko miyansa ko cizonsa ba ya sa wa mutum wannan tsutsa, sai ta hanyar sauro, kuma ko ta shiga jikin ɗan Adam ba ta iya balaga. Abin da kan faru, shi ma jefi-jefi, shi ne ta mutu a huhu ta bar ɗan dunƙule kamar kwabo, wanda in an ɗauki hoton ƙirji yana iya sa likita ya yi zargin tarin fuka ko ciwon daji har a shiga bincike mai tsada. Ainihin abin da ya haɗa mu da kare a wannan magana shi ne sauron. Kwatar da ta kashe karen yayana ita ce ta sa ƙaramar 'yarsa ta kwanta asibiti da zazzaɓi sau biyu a daminar nan.

Saboda haka ko ba ka da kare, rabin aikin naka ne. Sauro yana tashi daga ƙwai zuwa mai fiffike cikin kamar mako guda zuwa kwana 10 a irin zafinmu, don haka yashe kwata sau ɗaya a shekara ranar da hukuma ta ce a yi tsafta bai isa ba. Ledojin fiya wata ne ke toshe yawancinsu. A kife tsofaffin tayoyi ko a huda su, a rufe randa da durom, a riƙa zubar da ruwan kwanon kare da na kaji ana sake sabo. Mai ɗakin kare ya sa masa raga irin ta taga, ko ba komai zai sami inda zai fake in ba ya bakin aiki. Kuma don Allah a daina fesa wa kare fiya-fiya ko shafa masa baƙin mai wai don a kori ƙwari. Fiya-fiya guba ce da ke ratsa fata, kare kuma yana lasar jikinsa. Man korar sauro na mutane shi ma ba na kare ba ne. Akwai na karnuka da likita zai iya nuna maka, amma mai kyanwa a gida ya faɗa wa likitan, domin wasunsu suna kashe kyanwa.

Shawarata ga shugabannin wannan ƙungiya ita ce, ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, kuma ta faɗo daidai ƙarshen damina. Allurar rigakafin haukan kare a nan kusa da mu ake yin ta, a Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda ke aiki tun 1924. Me zai hana mu rubuta wa sashen kula da lafiyar dabbobi na jiha, mu nemi su turo mana ma'aikata a wannan rana su zauna a fili guda a Majidaɗi, a yi wa karnuka allurar hauka, a kuma ɗebi jininsu a wuri ɗaya? Kama kare sau ɗaya, aiki biyu. Ɗaliban Kwalejin Aikin Gona ta Jalingo masu karatun lafiyar dabbobi za su iya taimakawa da riƙo da rubuta suna. Idan masu karnuka 20 ko 30 suka haɗa kuɗi, tsinken gwaji da ƙwayoyin wata-wata za su zo da rahusa fiye da kowa ya je shi kaɗai, kuma za a saya ta hannun likita, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Mu gayyaci 'yan uwanmu na Sintali da Turaki da Sarkin Dawaki, tunda sauro bai san iyakar unguwa ba, mu kuma sa shugabannin mafarauta da 'yan banga a gaba, don su ne masu karnuka da yawa.

Ina kuma roƙon iyayenmu Jauro-Jauro, duk ranar da aka kawo ƙarar an kashe kare da guba, kafin a kira wanda ake zargi a fara tambayar mai karen: yana tari? Tun yaushe? An yi masa allurar shanu? Idan gawar tana nan, a kira likitan dabbobi ya duba, kada mai gida ya tsaga da kansa.

Yayana ya sake samo kwikwiyo watan jiya. Wannan karon da kansa ya kai shi aka auna, kilo 6, likita ya rubuta masa kati. Kwatar kuwa shi da maƙwabcin nasa sun raba, wannan Asabar yaran gidansa su yashe, mai zuwa na maƙwabci.